Ƴan Kasuwa, Mu Ba Yaranmu Yumɓu Su Taɓa Tarihi Da Hannunsu

Yau maganata da iyaye ce, ƴan uwana masu neman abinci a kasuwannin bakin iyaka, tun daga Gaya da Kamba, Ƙonni da Illela, Ɗan Isa da Jibiya, har zuwa Magariya da Maigatari. Na san wasu da sun ga kan wannan rubutu za su ce, a wannan marra da kowa ke fama da tsadar buhu da kuɗin mota da masu tare hanya, ina mutum ya ga sukunin zama yana wasan laka da yara? To, ku ɗan yi mini haƙuri ku karanta zuwa ƙarshe. In kun ga babu riba a ciki, sai ku ba mai ƙosai takardar ta yi ƙunshi da ita.

Abin ya faro ne a watannin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya, daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da da yawa daga cikinmu muka koma zaman gida dole. Wata rana da la'asar ina zaune bisa tabarma ina duba littafin bashi, ina ware wanda zai iya biya da wanda sai dai a bar wa Allah, sai ɗiyata mai shekara tara ta matso ta ce, "Baba, wai wa ya fara yin rubutu a duniya?" Na ce ta je ta tambayi malaminsu na lakwal. Ta ce ai ya faɗa musu, mutanen wata ƙasa ce can gabas, har ta haddace sunan ta ci jarrabawa da shi, amma abin da take so ta sani shi ne me suka rubuta, kuma me ya kai su. Nan na yi shiru, don ni ma ban sani ba. Da na kai tambayar wajen ƙanena wanda ya karanta tarihi a jami'a, dariya ya yi, ya nuna littafin da ke hannuna ya ce, "Yaya, ai irin wannan suka rubuta."

Ashe a kudancin ƙasar Iraƙi ta yau, yankin kogunan Dijla da Furat, akwai kufan wani birni mai suna Uruk. A nan aka tono dubban allunan yumɓu waɗanda suka haura shekara 5,000, suna cikin rubutu mafi tsufa da aka sani a duniya, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasu lissafi ne tsantsa: sha'ir awo kaza, tumaki kaza, wane ya bayar, wane ya karɓa. Waƙoƙi da labarin sarakuna sai daga baya suka shigo. Tun kafin allunan ma, mutanen yankin sukan mulmula ƴan ƙananan yumɓu, kowace siffa da irin kayan da take tsaya wa, a zuba su cikin wani ƙwallo na yumɓu a liƙe bakinsa ya zama shaida. Wata masaniya mai suna Denise Schmandt-Besserat ta shafe shekaru tana nazarin waɗannan ƴan mulmule, ita ce ta fito da bayanin cewa daga gare su rubutun yankin ya tsiro.

Daga nan na ɗauki ra'ayin da nake so in kare a yau. Babu gidan da ya kai gidan ɗan kasuwa dacewa da koya wa yaro labarin al'ummomin da suka shuɗe, domin manyan abubuwan da ake auna wayewarsu da su, wato rubutu da lissafi da ma'auni da hatimi da tsarin fatauci, su ne kayan aikinmu na kullum. Mudu yana gidanka, sikeli yana shagonka, igiya da buhu da littafin bashi duk suna nan. Malamin lakwal yana da allo da alli da aji cike maƙil, ba zai iya raba wa kowane yaro yumɓu ba, sai dai ya rubuta suna da shekara a haddace. Kai kuwa kana da yara uku ko biyar da tsakar gida. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma kowane mai sana'a ya san yaron da ya koyi ɗaurin kaya da hannunsa ya fi wanda aka yi wa bayani sau goma.

Bari in faɗi yadda muka yi a gidana, ko dala ban kashe ba. Mun samo yumɓu wajen wata mai ginin tukwane, kowane yaro ya zauna da nasa curi. Muka yarda cewa dunƙulalle yana nufin akuya, mai tsini buhun gero, mai faɗi kamar faifai turmin atamfa. Ɗaya ya zama mai aika kaya, ɗaya direba, ɗaya mai karɓa a ɗakin uwarsu. Kayan kuwa gyaɗa ce da dabino da ƴan ƙyallaye. Mai aikawa ya ƙirga kayansa, ya zuba mulmulen da suka dace da su cikin ƙwallon yumɓu ya liƙe, ya danƙa wa direba. Direba ya ci akuya biyu a hanya, kamar yadda kowa ya zata, da aka fasa ƙwallo a gaban Hajiya sai asiri ya tonu. Da dariya ta lafa na tambaye su, yaya za a yi a san abin da ke ciki ba sai an fasa ba? Na tsakiyar ya ce a danna kowace siffa a bayan ƙwallon tun yana ɗanye. Ita kuma mai tambayar farko ta yi shiru can ta ce, in haka ne me ya sa za a wahala da zubawa ciki, ai sai a daɓe yumɓu ya yi faɗi a danna alamomin kawai. Cikin awa guda sun bi sawun hanyar da masana ke ganin mutanen Uruk sun daɗe suna takawa kafin su iso ga allo.

Bayan haka muka fere bakin sillen kara ya yi kusurwa, muka riƙa danna shi bisa ɗanyen allo, yana barin alama kamar kan ƙusa. Irin wannan rubutu mutanen yankin suka yi ta amfani da shi kusan shekara 3,000. Allo ɗaya muka shanya a rana, ɗaya muka binne cikin garwashin murhu bayan an sauke tuwo. Washegari muka zuba wa kowanne ruwa, na rana ya narke, na murhu ya tsaya daram. Daga nan yaro zai gane da kansa abin da ya sa allunan garuruwan da gobara ko yaƙi ya ƙone suka fi daɗewa, wutar da ta cinye gidajen ita ce ta gasa su.

Abu na biyu shi ne hatimi. Mutanen Iraƙi na da suna da wani ɗan dutse dogo kamar gaɓar kara, an sassaƙa masa zane, mai shi yana rataye shi a wuya ko a hannu, in ya mirgina shi bisa ɗanyen yumɓu ya zama sa hannunsa. Guntun kyandir ko sabulu ya isa, yaro ya zana alamarsa da ƙusa, kamar yadda muke yi wa buhunanmu alama kafin a loda su a mota don kada su cakuɗe da na wani. A nan sai ka ba shi labarin Hammurabi, sarkin Babila, wanda ya yi mulki wajen 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Dokokinsa, waɗanda masana suka ƙidaya 282, an sassaƙa su a jikin wani dogon baƙin dutse da ke ajiye a gidan tarihi na Louvre a birnin Faris. A cikinsu akwai wadda ta ce in attajiri ya ba yaronsa hatsi ko ulu ko mai ya je ya sayar, to yaron ya rubuta kuɗin da ya kawo, ya karɓi shaida mai hatimi, in kuwa ya yi sakaci bai karɓa ba, ba za a lissafa masa kuɗin ba. Duk wanda ya taɓa zama gaban dattawan kasuwa a kan rigimar uban gida da yaron shago ya san dalilin wannan doka ba sai an fassara masa ba.

Na uku ma'auni. A sami sanda madaidaiciya, a ɗaura igiya a tsakiyarta, a rataya murfin gwangwani biyu a bakunanta, sikeli ya samu. A ƙasar Pakistan ta yau akwai kufan manyan birane biyu, Harappa da Mohenjo-daro, waɗanda suka bunƙasa tsakanin 2600 da 1900 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An sami ƴan duwatsun awo masu kusurwa huɗu a cikinsu, an goge su sumul, nauyinsu yana ninkawa: 1, 2, 4, 8, 16, 32, 64, kuma na 16 ɗin, wanda aka fi samu, yana kusa da giram 13.7. Abin mamaki, duwatsun garuruwan da ke da nisan ɗaruruwan kilomita tsakaninsu nauyinsu ya yi daidai da juna. Sai ka sa yaro ya mulmula ƙaramin yumɓu ɗaya, ya yi wani da ya kai nauyin biyunsa a sikelin nan, haka har zuwa 16. Da waɗannan biyar kawai zai auna kowane nauyi daga 1 zuwa 31, ka bar shi ya gano hakan da kansa, kada ka faɗa masa. In ya gama sai ka ɗauko tiyar da kake saye da ita da mudun da ka gani a wata kasuwa tsallaken iyaka, a cika ɗaya da gero a juye a ɗaya. Zai ga bambanci, zai tambaye ka dalili, daga nan kuma maganar amana da tauye mudu ta buɗe ba tare da ka yi masa wa'azi ba. Ka ƙara masa da cewa mutanen Babila da sittin-sittin suke ƙirga, ma'auninsu da ake kira mina, mai nauyin kusan rabin kilo, an raba shi gida 60, kuma gadon wannan ƙirga ne minti 60 da ke cikin awar agogon da ke hannunka.

Na huɗu kamu, wanda masu sayar da yadi da igiya suka fi kowa sani. Ka sa yaro ya auna tsawon zaure da kamunsa, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kai ma ka auna da naka. Nasa zai fi yawa, naka ya kasa, sai ka tambaye shi da na wa za a yi ciniki. Misirawan da sun warware wannan da kamun sarki, sanda mai tsawon kusan santimita 52 da rabi, an raba ta tafi 7, kowane tafi yatsa 4. Da ita aka gina babbar dalar Giza shekara kusan 4,500 da suka wuce: kowane gefen gindinta kamu 440, wato wajen mita 230, tsayinta kuma kamu 280, wajen mita 146 a lokacin da aka gama ta. Faɗin lambar kawai ba ya shiga kan yaro. Amma in kun yanke kara mai wannan tsawo, kun auna igiya mai kamu 10, kun fita fili kun shimfiɗa ta sau 44, in ya waiwaya ya hango inda kuka faro, ba zai ƙara mantawa ba. A gida kuma ya yi ƙananan tubula ya jera biyar sau biyar a ƙasa, huɗu sau huɗu a bisa, har zuwa ɗaya, ya ƙirga ya ga 55 ne, kakansa ya ba shi labarin dalar gyaɗa ta Kano. Masu motocin kaya kuwa ga nasu: a 2013 wani masani Bafaranshe, Pierre Tallet, ya gano wasu tsoffin takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, cikinsu har da littafin aikin wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, wanda yake rubuta rana-rana inda suka loda duwatsu a jirgin ruwa, inda suka kwana, da ranar da suka sauke a Giza. Yaro ya riƙe irin wannan littafi mako guda a kan kayan da ke shiga shagonka da fita.

Wanda ya fi burge yarana shi ne wasan ayari. Shekara kusan 4,000 da suka wuce, fataken birnin Ashur na arewacin Iraƙi suna loda wa baƙaƙen jakuna kuza da tufafi, su yi tafiyar kilomita wajen 1,000 zuwa birnin Kanesh, wanda kufansa yake kusa da Kayseri a ƙasar Turkiyya, su sayar su komo da azurfa da zinariya. An tono allunansu sama da 20,000 a unguwar da suka zauna, wasiƙu ne da yarjejeniyar bashi da shari'u. In ana karanta maka su sai ka rantse a zangon wata kasuwar iyaka aka rubuta su. Fadar gari tana cire tufa ɗaya cikin ashirin a matsayin kuɗin shiga. Akwai wata hanya da suke kira siririyar hanya, wadda masu gudun biyan fito suke bi, kuma akwai wasiƙar da ke ba da labarin wani babban ɗan kasuwa da fada ta kama ta ɗaure saboda kayan fasa-ƙwauri, ana gargaɗin sauran su dakata. Matan da aka bari a Ashur su ne ke saƙa tufafin, suna aika wasiƙu suna neman kuɗin saƙarsu, suna ƙorafin tsadar hatsi da daɗewar mai gida. A birnin Ur kuma an sami allon da wani mai suna Nanni ya aika wa wani ɗan kasuwa, Ea-nasir, wajen 1750 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana kukan an nuna wa ɗan aikensa jan ƙarfe maras kyau an kuma wulaƙanta shi. Allon yana gidan tarihi na Birtaniya a Landan.

Wasan ba shi da wuya. A zana zanguna biyar a tsakar gida da gawayi, yaro ɗaya madugu, ɗaya sarkin gari mai karɓar fito, ɗaya mai masauki, ƴan mata su riƙe gidan saƙa da lissafin abin da ya fita da abin da ya dawo. A ba madugu ƙyalle ashirin da tsakuwa arba'in, a ga da nawa zai iso, nawa ya ci a hanya, nawa ya rage riba. A bar masa zaɓin siririyar hanya, amma in aka kama shi kaya duka sun tafi. Daga nan sai a juyo gida, a kira tsoho ya ba da labarin ayarin raƙuma da ke tashi daga Abzin ya ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma ya ɗauko kantun gishiri da dabino, da fataken goro da ke zuwa Gwanja da madugunsu da jagabansu. Matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka Takadda, a yankin Agadas, a 1353, ya tarar ana ciniki da sandunan jan ƙarfe a matsayin kuɗi. In akwai wuri a gidan, a nuna wa yaro a gaya masa daga tsibiran Maldibs na tekun Indiya ake kawo shi, kuma lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 wuri 2,500 ake ba da dalar azurfa ɗaya. Sunan wannan dala ne har yau muke kiran tamma biyar da shi.

Yanzu na zo ga maganar da ta fi mini nauyi. Akwai wasa na ƙarshe da nake roƙon kowane uba ya yi, ko da ya bar sauran. A sami tsohon daro, a sa tsingaro da gawayi a ƙasa, a rufe da rairayi, a sa wuri da tsohon kwabo, a sake rufewa, a bisa a sa murfin kwalba da guntun leda a rufe. Yaro ya tona a hankali da cokali da ɗan tsintsiya, duk abin da ya samu ya zana shi ya rubuta zurfinsa da yatsu. Zai gane cewa na ƙasa ya riga na bisa, da haka masu binciken kufai suke karanta zamani. Sannan a sake jerawa, a kira wani yaro ya cusa hannu ya kwaso abin da ya ga dama da sauri. A tambayi na farko, wanne ya riga wanne? Ba mai iya faɗa. Kayan suna nan, amma labarinsu ya lalace, kuma ba ya gyaruwa.

Wannan shi ne abin da ya sami ƙasashenmu. A yammacin Nijar, yankin Tera, an gano makabartar Bura a 1975, masanin tarihi Boubé Gado ya jagoranci tononta a 1983, aka sami tulunan binne mutane da sassaƙen yumɓu, har da mahayin dokin nan da ya yi suna. Bayan an nuna kayan a Faransa a 1993 duniya ta san su, sai dillalai suka yi caa, aka bi kufai ana farfasawa ana sayarwa. A kudancin Kaduna kuma akwai kayan Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928, al'ummar da binciken baya-bayan nan ya nuna ta faro wajen 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ta san narka ƙarfe daga baya. Su ma haka aka yi musu. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa kayan Nok da na Bura, da irin waɗanda ake samu a yankunan Sakkwato da Katsina, cikin jan jerin kayan da ake gargaɗin kowa kada ya saya. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, Najeriya tun 1979. To, mu faɗa wa kanmu gaskiya, kayan nan ba tashi sama suke yi ba. Ta iyaka suke bi, a cikin mota, tsakanin buhuna, wani lokaci mai motar bai sani ba, wani lokaci ya sani an ba shi na goro. Mutumin ƙauye ya karɓi ƴan jikkuna, kayan su je Turai a yi gwanjonsu da kuɗin da bai taɓa mafarki ba, mu kuma a bar mu da ramuka. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Ga kuma misalin wanda ya yi daidai. A 1987 wani makiyayi Bafillace yana haƙa rijiya kusa da ƙauyen Dufuna a jihar Yobe ta yau, ya ci karo da wani katako a zurfin ƙasa. Maimakon ya faskara shi ya yi makamashi, sai ya kai labari wajen hukuma. Da masana na jami'ar Maiduguri da na Frankfurt suka fito da shi a 1994, sai ga kwalekwale mai tsawon mita 8 da ɗoriya, wanda awo ya nuna ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka sani a Afirka. Yaron da ya taɓa yin wasan daron nan, in ya girma ya zama direba ko ɗan kamasho ko mai shago, ranar da aka kawo masa kan yumɓu a naɗe cikin tsumma zai san abin da ake so a sa shi ya yi.

Na san akwai masu ja. Wani zai ce wannan koya wa yara ƙera gumaka ne. Ku sake duba abin da na lissafa: allo, hatimi, sikeli, kamu, ayari, daro. Babu inda aka ce yaro ya ƙera siffar mutum ko dabba, akuyar ma dunƙule ce kawai. Sanin yadda mutanen da suka rayu, da yadda biranensu suka koma kufai, abin lura ne ga mai hankali. Wani zai ce bai yi lakwal ba, yaya zai koyar? Alhaji, a maganar mudu da fito da bashi kai ne malami, ɗan da ke zuwa lakwal ya karanta muku wannan shafi, kai ka kawo sanin kasuwa. Wani zai ce ina ruwanmu da Iraƙi da Misira, a koya wa yaro tarihin Gobir da Katsina da Damagaram mana. A koya masa, shi ne ma na farko. Amma ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa ba ka gane darajar hajarka sai ka ga ta wasu, kuma yaron da ya san Uruk shi zai fi jin nauyin Bura da Dufuna.

Mai cewa babu lokaci shi ne ya fi gaskiya, ban musa ba. Wanda ya fita tun asuba ya dawo bayan isha'i ba shi da ƙarfin wasan laka. Amma awa ɗaya a mako nake nema, ranar da kasuwarku ba ta ci, kuma ba dole sai uba ba, uwa da kaka da babban wa duk za su iya, sau da yawa ma sun fi mu haƙuri. Na kuma yarda wannan ba zai maye gurbin makarantar allo ko lakwal ba, ba kuma zai ƙara maka ko tamma a aljihu wannan wata ba. Sai dai a kula: fere kara da wuƙa da sa allo a murhu aikin babba ne, kada a aiki ƙananan yara kududdufi ɗebo yumɓu, kuma a nisanta mai rarrafe da wuri da tsakuwa. In hali ya yi, ranar da za ka kai kaya Yamai ka tafi da yaro ɗaya ya ga gidan tarihi na Boubou Hama, in Kano ce ya ga Gidan Makama, in Jos ce ya ga kayan Nok da idonsa. Wanda ya riga ya taɓa yumɓu a gida, kallon da zai yi musu dabam ne.

Allon da ɗiyata ta gasa a murhu yana nan a shagona, bisa kanta, kusa da littafin bashi. Akuya bakwai da buhu uku ne a jikinsa, da hatiminta a gefe. Kwanan baya wani abokin ciniki daga tsallake ya ɗauka yana juyawa ya ce wannan kuma laya ce ko me? Kafin in buɗe baki ta karɓe maganar, ta yi masa bayani tun daga mulmule har zuwa allo, ta ƙare da tambayarsa ko ya karɓi rasit na kayan da ya biya. Ya yi dariya ya ce a ba shi, ya kuma tambayi inda ake samun yumɓun.

Allah Ya ba mu kasuwa mai albarka, Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da iyakokinmu lafiya. Amin.